Sautin da Ba Ya Cikin Fiyano

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na bar gida ba. Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya ya san yadda ake yi. Abin da ya kamata mai karatu ya sani kafin mu hau hanya abu uku ne. Na ɗaya, sunana Sama'ila, mutumin Karofi ta ƙasar Dutsin-Ma. Na biyu, sana'ata goge, gadon mahaifina, wanda ya yi wa makiyayan Shema da Ɗantutture kiɗa har ƙarfinsa ya ƙare. Na uku, lokacin da na fita na haura shekara arba'in, bukukuwan ƙauye sun ja baya saboda rashin kwanciyar hankali, waɗanda suka rage kuma sun koma hayar lasifika. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma ina da Turancin da zai kai ni kasuwa ya dawo da ni.

Zangona na farko Kwatano ne. Wani dillali mai laushin baki, da muka haɗu a wani biki a Kurfi, shi ya kira ni can, wai akwai ƙungiyar makaɗa da ke neman mai goge. Da na isa ban ga ƙungiya ba. Na ga ɗaki mai soso manne a bango, da na'urar ɗaukar sauti, da wani mutum da ba ya amsa gaisuwa. Suka ce gwaji ne. Na zuba musu kiɗan noma da na aure da na sharo. Abu ɗaya na riƙe ban ba su ba, shi ne taken dawowa, wanda babana yake yi wa Fulani idan shanu sun dawo daga kudu da farkon damina. Wannan take shi ya ƙirƙire shi, ni kaɗai ya bar wa. Da suka cika na'urarsu, dillali ya ce zai je ya zo. Har yau bai zo ba. Mai gidan da aka sauke ni ya fito mini da jakata bakin ƙofa. Ban juya gida ba, don ba zan shiga Karofi a ce ya tafi neman duniya ya dawo kamar wanda aka aika sayen gishiri ba.

Zango na biyu Lome. A nan gogen ne ya yi ciwo. Fatar da ke rufe ƙwaryarsa ta saba da busasshiyar iskar ƙasarmu, da ta sha danshin teku sai ta saki, muryarsa ta shaƙe kamar mai mura. Ina zaune a bakin tasha ina murza fatar da tafin hannu, sai wata mata mai gasa ayaba ta dube ni, ta dubi gogen, ta janye kujerarta ta nuna mini gefen kurfotinta. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarensu. Na kara gogen kusa da garwashi, fata ta ɗame, murya ta dawo. Daga ranar kowace safiya sai na tarar ta bar mini wurin, wani lokaci da ayaba ɗaya a kan takarda. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a da sunan mai ayaba, Allah ya san wadda nake nufi.

A tashar nan na ji wani yana faɗa da yaran mota da irin Hausar da ake yi a kasuwarmu. Ashe Bamaraɗe ne, direban motar albasa. Na gaishe shi, muka yi ta tambayar juna garuruwa kamar waɗanda suka ɓata a daji. Shi ya ɗauke ni a kan buhunan albasa har Akra, bai tambaye ni komai ba sai kiɗa idan barci ya fara ɗaukarsa.

Akra ce zango na uku, kuma a nan labarin yake.

Na sauka a unguwar Nima wurin wani mahauci, Malam Tanko, wanda kakansa ya zo daga Katsina amma shi bai taɓa ganinta ba. A wani suna da na yi kiɗa a unguwar, wani mutum mai suna Oga Mensa ya ji ni. Shugaban makaɗan wani kiɗan ƙetare ne da ake kira jaz, yana busa wani lanƙwasasshen ƙahon ƙarfe da ake kira saksofon. Suna wasa ranar Lahadi da la'asar a lambun wani otal. Ya ɗauke ni. Mutum ne mai cika alkawari, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, shi ya sa na saki jiki na yi musu taken dawowa. Suka so shi. Oga Mensa ya ce da shi za su buɗe faifan da za su ɗauka bayan ƙaramar Sallah.

Matsalar ta fito a wurin gwaji. A cikin taken akwai wani sauti, na uku daga tushe, wanda ake jan izga a kansa a daɗe, daidai inda makiyayi yake hango rugarsa. Duk sanda na kai wurin, sai Kofi mai fiyano ya yamutse fuska. Kofi ya yi karatun kiɗa a makaranta, kuma ba shi da wulaƙanci. Ya fito da wayarsa ya nuna mini wata allura da ke auna sauti. Ya danna farin haƙorin fiyano, allura ta tsaya cak. Ya danna baƙin da ke ƙasa da shi, ta tsaya cak. Na ja nawa, ta tsaya a tsakaninsu tana rawa. Oga Mensa ya ce abu mai sauƙi ne, in matsa yatsana gaba kaɗan in hau farin. Na ce a'a. Ya ce to in sauka kan baƙin. Na ce a'a. Na gaya masa ba kuskure ba ne, a nan babana ya ajiye shi, a nan Fulanin Shema suke jiransa, idan aka matsar da shi ya zama taken wani.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce masu saye za su ɗauka ban iya ɗaure tsagiya ba. Ya ce ina da lokaci har Sallah in yi tunani. Idan ban gyara ba, shi zai busa taken da ƙahonsa a kan farin haƙori, tunda duk sun riga sun haddace shi, ni kuma in zauna in riƙa yi musu ado a wasu waƙoƙin.

Na so in yi gardama, sai na ga ba ni da bakin yi. Su suna magana da sunayen abubuwa, ni ina cewa babana. Da muka fito Kofi ya bi ni, ya ce idan ina son yin shari'a da fiyano sai in koyi yarensa. Da wasa ya faɗa. Ya kwatanta mini gidan tsohuwar da ta koya masa, Madam Efuwa, yana dariya. Ni ban yi dariya ba.

A nan na yi abin da na sani. A gidanmu ba a zuwa wurin gwani a ce koya mini. Zuwa ake yi a yi hidima. Na daɗe ina ɗaukar wa babana goge, ina shafa wa izgarsa ƙaro, ina riƙe masa takalma a bakin taro, kafin wata rana ya miƙo mini ya ce ja mu ji. Saboda haka da sassafe na je gidan Madam Efuwa, na gaishe ta a durƙushe, na ɗauki tsintsiya na share tsakar gida. Washegari na wanke randar furanninta na gyara ƙofar da ke ƙara. Idan ta zauna gaban fiyano sai in tsaya a bakin taga in sunkuyar da kai. Haka na yi ta yi, azumi yana ƙaratowa, ba ta ce mini ja mu ji ba. Ita kuma ashe ta ɗauka aikin gadi nake nema, tana ta tunanin yadda za ta sallame ni ba tare da ta kunyata ni ba.

Ran nan ta kira ni. Ta girma kusa da zangon Hausawa a Kumasi, tana jin Hausa irin tasu.

"Bakatsine, me kake so a gidan nan? Ba ni da aikin ba ka."

"Iya, ba aiki nake nema ba. Fiyano na zo koya."

"To me ya haɗa fiyano da tsintsiyata?"

Na yi mata bayanin yadda ake yi a wurinmu. Ta yi dariya har ta dafe ƙirji. Ta nuna mini yatsunta da suka kumbura suka karkace saboda sanyin ƙashi, ta ce babanka yana da shekarun da zai sa ka jira, ni ba ni da su, zauna. Na zauna. Amma ban bar shara ba, kuma na gaya mata ba zan bari ba. Ta ce wannan tsakanina da tsintsiya ne.

Zan faɗi karatun bi da bi, yadda ya zo.

Da farko ta sa na danna haƙora uku tare da hannun hagu. Su suna kiran wannan kod. Ni a raina na sa masa suna dami, tunda sautuka ne aka ɗaure wuri ɗaya. Ina dannawa na janye hannu kamar na taɓa wuta. Goge tsagiya ɗaya gare shi, magana ɗaya yake yi, idan ya gama ya yi ta gaba. A gidan da na tashi ma mutum biyu ba sa magana lokaci ɗaya. Na ce mata, Iya, gardama suke yi. Ta ce ba gardama ba ce, hira ce, kunnena ne bai saba zama cikin mutane ba. Ban ji daɗin maganar ba, amma na sake dannawa.

Sai yatsu. Mai goge ba ya danna tsagiya, taɓa ta yake yi da cikin yatsa, ɗaya ya sauka ɗaya ya tashi. Shekara talatin na hori hannuna a kan kada yatsa biyu su sauka tare, yanzu ana so huɗu su sauka kamar ƙafafun jaki. Ɗaya yakan riga, ƙaramin ya maƙale a sama. Ta ce yaro ɗan shekara bakwai ya fi ni sauƙin koyarwa, don shi ba shi da abin da zai manta. Na ce yaron ba shi da abin da zai kare.

Daga uku muka koma huɗu, inda jaz yake farawa. Ana ƙara sauti na bakwai a kan damin, sai ka ji kamar an bar ƙofa a buɗe. Wannan ya fi ba ni wahala, don ni mutum ne mai son a rufe abu idan an gama. Abin da ya sasanta ni da shi shi ne jerin da ta koya mini daga baya: damin na biyu, sai na biyar, sai na ɗaya. Na biyu mutum ne a kan hanya, na biyar ya tsaya a zaure yana sallama, na ɗaya ya shiga gida. Da na gane haka na ce ashe mutanen nan suna da tsari. Ta sa na bi jerin daga kowane haƙori, fari da baƙi, har in zagayo inda na fara. Wannan aikin ya dace da halina. Ina zuwa bayan azahar da bakin azumi, in yi ta zagayawa har maƙwabta su rufe taga.

A Nima kuwa na zama abin hira. Malam Tanko yakan ce wa masu sayen nama, ku gaida ɗalibi, da furfura a gemu ya shiga aji ɗaya wurin tsohuwa. Wasu suka ce coci take shirin kai ni. Na ce musu sallata ba ta ragu ba, kuma wanda ya ga ta ragu ya zo ya faɗa a gabana. Ba wanda ya zo. Yayana Lawal ya kira daga gida ya ce hadari ya fara haɗuwa ta wajen Shema, gonar wake tana jira, in bar wannan wahala in dawo. A wayar ina jiyo kukan tumaki da muryar matata tana kiran yara. Na kasa cin abin buɗa baki a ranar. Amma na ce masa, Yaya, a ba ni wannan daminar, akwai kayan Baba da na bari a hannun mutane.

Ana saura kaɗan Sallah na kai wa Iya ainihin ƙarata. Na ja mata taken, na tsaya a kan sautin. Ta saurara ido rufe, ta ce wannan ba ya cikin fiyano, ba kuma zai taɓa shiga ba, kada in yaudari kaina. Ta ce amma waɗanda suka fara jaz jikokin bayi ne, muryoyinsu ma a tsakanin haƙora suke faɗawa, kuma ba su jefar da fiyano ba. Ba ta ba ni amsa ba, yatsunta kuma ba za su iya raka ni ba. Sai na ajiye goge, ina danna dami da hannu ina rera sautin da hanci.

Na gwada damin da ke da farin haƙori a tsakiya, suka yi karo da muryata. Na gwada mai baƙin, suka yi karo. Na koma, na sake, kwana da kwanaki. Ran nan haushi ya kama ni, na ɗaga yatsan da ke kan na tsakiyar kamar mai korar kaza, na bar sauran a danne. Karon ya ɗauke. Muryata ta zauna a gurbin da na buɗe, ba mai ture ta. Ashe duk rigimar da haƙori ɗaya ake yi, wanda ke zaune a kujerar sautin babana.

Na ce, Iya, kin ji? Ta ce ta ji, amma damin ya rame. Ta kama hannuna ta jera mini yatsu a wata sabuwar tazara, ana tsallake haƙora biyu farare tsakanin kowane yatsa da na gaba, yadda damin zai cika ba tare da kowa ya taka wurin ba. Ta ce wannan tsohon abu ne a jaz, ba ni na gano shi ba, kada kaina ya kumbura. Na ce ban zo gano komai ba, wuri na zo nema.

Ranar gwajin ƙarshe, bayan Sallah, na isa da wuri. Na gaida Oga Mensa, na gaida mai ganga, sannan na roƙi Kofi aron kujerarsa. Suka dubi juna. Na zauna, na jera yatsu. Na yi kuskure, na sake, na kuma yin kuskure. Ban tashi ba. A karo na gaba dammunan suka fito a jere, a hankali kamar tafiyar tsoho, ina rera taken a kansu. Da na kai wurin na ja sautin na riƙe.

Kofi ya leƙo ya dubi yatsuna. "Malam, ai wannan mun san shi tun a makaranta. Me ya hana ka ce haka kake so tun farko?"

"Da wane baki zan ce? Yanzu na samo bakin."

Oga Mensa bai yi murmushi ba. Ya ce wannan zai sa a sake tsara waƙar gaba ɗaya, kuma duk da haka akwai masu saurare da za su ce gogen ya kauce. Na ce su ce. Ya tuna mini cewa zai iya busa taken ba tare da ni ba. Na tashi daga kujerar Kofi na ɗauki gogena, na ce masa, "Oga, za ka iya, ba ni da ƙarfin hana ka. An taɓa kwashe mini kiɗa a Kwatano ban mutu ba. Amma idan ka busa shi a kan farin haƙori, ka sa masa sunan garinku. Kada ka ce daga Katsina ya zo, don ba wanda zai gane shi a can."

Oga Mensa ya daɗe yana goge bakin ƙahonsa da ƙyalle. Sannan ya ce wa Kofi, sau ɗaya, mu ji.

Kofi ya ɗauki abin da na yi da ƙyar ya shimfiɗa shi kamar tabarma, ya ƙara abubuwan da ko a mafarki hannuna ba zai kai ba, amma gurbin nan ya bar shi a buɗe. Mai ganga ya shigo. Na ja izga. Da na kai inda makiyayi yake hango ruga, na sa yatsana daidai inda babana yake sa nasa, ban matsa ko ƙwayar gero ba, ina kallon Oga Mensa cikin ido.

Sai layi ya zo kansa, don a jaz kowa yana karɓar waƙa ya juya ta. Ya ɗaga ƙaho ya bi taken. Da ya kai wurin ya hau farin haƙorinsa kamar yadda ya saba, sautin ya fito tsaf, amma shi kansa ya ji ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Ya ɗaure fuska. Waƙa ta zagayo. Na ga ya saki leɓensa na ƙasa, ya sassauta muƙamuƙi, sautin ya fara zamewa ƙasa kaɗan-kaɗan yana lalube, har ya zo ya tsaya a kan nawa. Muka riƙe shi tare, ƙahon Akra da tsagiyar Karofi, har numfashinsa ya ƙare.

Ya sauke ƙahon yana haki, ya share gumi. Bai dube ni ba. Ya ce wa Kofi, "Daga farko. Wurin nan yana da wuyar samu, sai na maimaita."